Batir ɗaya, bolt 300: abin da ke cikin filashin kyamara da inda haɗarin yake

Akwai wani nau'in bidiyo da ke yawo a YouTube da TikTok wanda yara masu son haɗe-haɗen lantarki ba sa gajiya da kallonsa. Mutum zai ɓare wata 'yar kyamarar roba, ya zaro ɗan fanel ɗin filashinta da bai kai tafin hannu ba, ya sa masa batir ɗaya irin na agogon bango, ya jira 'yan daƙiƙoƙi, sannan ya ɗora bakin sukudireba a kan ƙafafu biyu na wani ɗan gwangwani da ke jikin fanel ɗin. Sai a ji tas! Tartsatsi ya tashi, bakin sukudireba ya yi baƙin tabo.

Duk inda akwai waya da data bidiyon yana isa, har cikin ɗakunan samari a Kano da bencin yaran shago a Farm Centre da Beirut Road. Daga nan magana take rabuwa biyu. Wasu su ce batirin agogo ne fa, ko a harshe ka ɗora ba abin da zai yi maka. Wasu su ce bolt 300 ya wuce wutar KEDCO da ke bolt 230, don haka duk wanda ya taɓa ya tafi. Kowane ɓangare ya riƙe ƙafa ɗaya ta gaskiya, amma ba wanda ya faɗi lambar da ta fi muhimmanci, wato yawan makamashin da aka tara a cikin gwangwanin nan.

Kalmomi huɗu da ake cakuɗawa

A bakin mutane komai "ƙarfin wuta" ne. A wurin lissafi kuwa abubuwa huɗu ne daban.

Bolt shi ne matsin da ke tura wuta, kamar tsayin tankin ruwa a kan bene: gwargwadon tsayinsa, gwargwadon ƙarfin da ruwa ke fitowa da shi a famfo. Amfiya kuma yawan wutar da ke wucewa ce a kowace daƙiƙa, kamar kaurin ruwan da ke zuba. Ita ce jiki ke ji, ita ce kuma ke rikita zuciya. Kusan miliyamfiya 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya, mutum yake fara jin tsirr. Na'urar kariya da ake sa wa gidaje don ta katse wuta idan ta bi ta jikin mutum an saita ta ne a miliyamfiya 30.

Farad ma'aunin faɗin kafasita ne, wato girman tankin; kafasita kuwa shi ne gwangwanin nan mai tara wuta. Kafasita ba baƙo ba ne a Kano, duk wanda fankarsa ta taɓa yin sanyi ya ji mai gyara ya ce a canza shi. Na fankar sama yakan kasance maikurofarad 2 zuwa 3 (maikurofarad kashi ɗaya ne cikin miliyan na farad). Na filashin kyamara kuwa yawanci tsakanin 80 ne da 160, kuma an rubuta bolt 330 a jikinsa.

Na huɗu shi ne jul, ma'aunin makamashin da aka ajiye. Ana samunsa ne ta ninka bolt da kansa, a ninka da farad, a raba biyu. Kafasita mai maikurofarad 120 da aka cika zuwa bolt 300 yana riƙe da jul 5.4. Abin lura a nan shi ne bolt sau biyu yake shiga lissafi. In ka ninka faɗin kafasita, makamashi ya ninku sau biyu. In ka ninka bolt, ya ninku sau huɗu.

Misalin da zai nuna cewa bolt shi kaɗai ba ya yanke hukunci yana zuwa mana duk hunturu. Tartsatsin da ke tashi idan ka ja bargo da daddare, ko ya tsikare ka a murfin mota, yakan kai bolt dubbai. Amma jikin mutum ƙaramin kafasita ne ƙwarai, abin da ke cikin wannan tartsatsin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na jul ɗaya ba. Raket ɗin kashe sauro ma haka: bolt ɗinsa ya ninka na filashi sau da yawa, amma kafasitansa ɗan mitsitsi ne, makamashinsa bai kai jul ɗaya ba. Filashi ya fi su ƙarancin bolt, ya fi su makamashi nesa ba kusa ba.

Yadda batirin agogo ke haifar da bolt 300

Fanel ɗin ba shi da kaya da yawa. Akwai taransista ɗaya, 'yar taransifoma da ba ta wuce kan yatsa ba, dayod, babban kafasita, ƙwan sanarwa mai nuna cewa ya cika, wata taransifomar ta biyu da ta fi ta farko ƙanƙanta, sai bututun gilashi mai iskar zenon.

Taransifoma ba ta aiki da wutar da ke tsaye cik irin ta batir, sai wutar da ke canzawa. Wannan shi ne abin da Michael Faraday ya gano a 1831, kuma sunansa ne aka sa wa farad. Aikin taransista shi ne ya riƙa buɗe wutar batir yana rufewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. Ɓangaren farko na taransifomar naɗin waya kaɗan ne, ɓangare na biyu kuwa naɗin siririyar waya ne mai yawan gaske, don haka bolt 1.5 yake fitowa a matsayin ɗaruruwa. Ƙarar nan mai tsini da tsofaffin masu hoto suka sani, wadda ke ƙara siranta yayin da filashi ke cika, ƙarar wannan buɗewa da rufewa ce. Dayod kuma ƙofa ce mai barin shiga ba ta barin fita, shi ke sa kowane ɗan bugu ya shiga kafasita ya zauna.

Tsarin adashi ne sak. Zubi kaɗan-kaɗan, kwasa lokaci guda. Fanel ɗin yana ɗaukar daƙiƙa biyar zuwa goma yana zubi, da ƙarfin wat ɗaya ko ƙasa da haka, wato jul ɗaya a daƙiƙa. Idan aka danna maɓallin hoto, taransifoma ta biyu takan aika bugun bolt dubbai zuwa jikin bututun, iskar zenon ta buɗe hanya, kafasita ya juye abin da ya tara a cikin kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Jul 5 a wannan ɗan lokaci daidai yake da wat 5,000. Shi ya sa hasken ke kashe ido.

A nan ne hujjar "batirin agogo ne kawai" take faɗuwa. Sabon batir mai kyau irin wannan yana ɗauke da makamashin da ya kai kimanin jul 10,000. Ba ya cutarwa ne don bolt 1.5 ba ya iya ratsa fata, kuma ba ya iya sakin abin da ke cikinsa a lokaci guda. Fanel ɗin filashi ya kawar da waɗannan shingaye biyu. Cire batir kuma ba ya kwashe abin da aka riga aka tara: kafasita zai iya zama da wutarsa sa'o'i, wani lokaci kwanaki.

Daga ina sha'awar ta taso

Tara wuta a cikin mazubi tsohon abu ne. A 1745 da 1746 wasu masu bincike biyu, ɗaya a ƙasar Jamusawa ɗaya a birnin Leiden na Holan, suka gano cewa kwalbar gilashi tana iya ajiye wutar lantarki. Na Leiden ɗin, Pieter van Musschenbroek, da wutar ta buge shi ya rubuta wa wani abokinsa cewa ko masarautar Faransa za a ba shi ba zai sake gwadawa ba. Filashin lantarki mai bututun iska kuwa Harold Edgerton ne ya bunƙasa shi a jami'ar MIT ta Amurka daga farkon shekarun 1930.

Kyamarar da ake ɗaukar hoto da ita a yar, wadda fim ɗinta ke rufe a ciki, kamfanin Fujifilm na Japan ne ya fito da irin ta zamani a 1986, Kodak ya biyo baya a 1987. Mai ita yakan kai ta ɗungurungum wurin wankin hoto, a fasa a cire fim, a bar ɓawon da fanel da batir a ciki. A Amurka da Turai waɗannan ɓawo sun taru a shagunan wankin hoto, masu sha'awar lantarki suna zuwa suna roƙa a ba su kyauta. Asalin farin jinin abin ke nan: ba don ya fi inganci ba, don dai shi ne hanya mafi arha ta samun bolt 300.

A Kano lamarin ya sha bamban. Wankin fim ya ja baya tun da hoto ya koma waya, kuma irin wannan kyamara ba kayan da ake tuntuɓe da su ba ne a Sabon Gari. Amma fanel ɗin yana nan da wasu kamannin. Yana cikin tsofaffin filashin masu hoton biki, da ƙananan kyamarorin dijital na da, da 'yan wayoyi kaɗan masu filashin zenon irin Sony Ericsson K800i da Nokia N8. Mafi yawan wayoyin yau ƙwan LED ne da su, ba su da wannan kafasita. Raket ɗin sauro kuma tsarinsa kusan ɗaya ne da na filashi. Yaron da ya kalli bidiyo bai samu kyamara ba, abin da zai yi shi ne ya haɗa cajar raket da kafasitan da ya ciro daga mataccen talabijin ko inbata. Wannan haɗin ba shi ne na cikin bidiyon ba, kuma sau da yawa ya fi shi haɗari, domin caja mai bolt sama da dubu ce ke tura wuta cikin kafasitan da aka yi don bolt 400 ko 450.

Lissafin da ke raba zafi da kisa

Abu uku ke tantance abin da wuta za ta yi wa mutum: yawanta, tsawon lokacin da ta yi tana wucewa, da hanyar da ta bi.

A ɗauki jiki mai gumi, wanda turjiyarsa daga hannu zuwa hannu za ta iya sauka zuwa kusan om 1,000 (om shi ne ma'aunin turjiya ga wuta). Bolt 300 a kan om 1,000 zai tura miliyamfiya 300 a farkon taɓawa, ninki goma na abin da na'urar kariyar gida ke katsewa a kai. Abin da ke ceton mutum shi ne wutar ba ta daɗewa. Da kafasita mai maikurofarad 120, cikin kusan kashi ɗaya cikin takwas na daƙiƙa ƙarfinta ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku. Idan ƙafafun kafasitan biyu a yatsa ɗaya suka taɓa, wutar a nan za ta tsaya: zafi mai tsanani, ɗigo biyu na ƙuna, da fizgar hannu. Wannan ne abin da ya fi faruwa, kuma shi ya sa ake yawan samun waɗanda suka ce ai an sha bugunsu ba su mutu ba.

Idan hannun dama ya taɓa ƙafa ɗaya, na hagu ya taɓa ɗayar, hanyar ta ratsa ƙirji. Zuciya tana da wani ɗan taƙaitaccen lokaci a cikin kowane bugu da wutar waje ke iya rikita ta, ta koma rawa maimakon harba jini. Gajeriyar wuta tana iya faɗawa a wajen wannan lokacin. Doguwa ba ta kuskure shi.

To a nan gyare-gyaren masu sha'awa suke canza komai. Kafasita goma da aka jera a haɗe suna nan a bolt 300, mitar auna bolt ba za ta nuna wani bambanci ba, ƙwan sanarwa zai kama kamar kullum. Amma makamashin ya zama jul 54, kuma wutar za ta wuce daƙiƙa ɗaya tana ratsa jiki da ƙarfi, wato ta fi tsawon bugun zuciya guda. Kafasita 30 sun haura jul 160. Na'urar asibiti da ake buga wa ƙirjin wanda zuciyarsa ta rikice tana aiki ne da jul 150 zuwa 360, kuma ita ma ba komai ba ce face caja da kafasita.

Kundin tsaron ma'aikatan lantarki na Amurka, NFPA 70E, a bugunsa na 2021 ya ware babi kan kafasita. Daga bolt 100 zuwa sama, ya ɗauki duk abin da ya wuce jul 1 a matsayin haɗarin da sai an yi masa tanadi. Filashi ɗaya da ba a taɓa komai a jikinsa ba ya riga ya ninka wannan iyaka sau biyar. Wannan ba yana nufin yana kisa a kullum ba, yana nufin ƙwararru ba sa ɗaukarsa abin wasa.

Gyare-gyaren da ake yi, da abin da kowanne ke jawowa

Ba duka amfanin abin ne ke buƙatar babban kafasita ba. Masu haɗa na'urar auna tururin nukiliya suna buƙatar kusan bolt 400 don bututunta, amma wutar da take ja kaɗan ce ƙwarai. Tsofaffin ƙwayayen nuna lamba masu hasken ruwan lemo, waɗanda ake haɗa agogon ado da su, suna kamawa a kusan bolt 170. Ɗan ƙwan niyon irin na cikin testa yana kamawa ƙasa da bolt 100. A duk waɗannan, abu na farko da mai hankali ke yi shi ne cire babban kafasitan ya sa ƙarami wanda bai kai maikurofarad ɗaya ba. Bolt yana nan, jul ya faɗi ƙasa warwas. Wannan gyara ne mai rage haɗari.

Sauran gyare-gyaren duk ƙari suke yi. Na farko shi ne tara kafasita da yawa, galibi don naɗin waya mai fizgar ɗan ƙarfe da maganaɗisu, ko don babban tartsatsi. An riga an ga lissafinsa. Ƙari a kan haka, 'yar cajar an yi ta ne don ta yi aikin daƙiƙa goma ta huta. Idan aka bar ta minti biyu tana turawa, taransista yana iya yin zafi ya ƙone. Mafi yawan makamashin ma zafi da ƙara yake zama, abin da ke isa ga ƙarfen kaɗan ne.

Na biyu shi ne ƙara batir don a cika da sauri. Fanel mafi sauƙi ba shi da abin da ke tsayar da caji idan an kai iyaka. Iyakarsa ita ce bolt ɗin batir da yawan naɗin taransifoma. In aka ba shi bolt 3, ko batirin litiyam mai 3.7, abin da ke fitowa zai nemi wuce 330 ɗin da aka rubuta. Kafasita irin wannan akwai ruwan sinadari a cikinsa. Idan aka matsa masa, ko aka juya masa ƙafafu, ruwan ya tafasa, gwangwanin ya kumbura ya fashe, yana fesa zafi da tarkace daidai inda fuskar mai aikin take.

Na uku ba a cika maganarsa ba. A fanel ɗin filashi babu rabuwa tsakanin ɓangaren batir da ɓangaren babban bolt, layi ɗaya suke tarayya a kai. Ƙarfen da batir ke zama a kai zai iya zama ɗaya daga cikin ƙafafun kafasita. Wanda ya ba fanel ɗin wuta daga USB na kwamfuta ko fawa-bank ya haɗa na'urarsa kai tsaye da wannan layi, kuskure ɗaya ya isa ya kashe ta.

Akwai kuma cajojin zamani da ake saye ta intanet, masu kaiwa kusan bolt 390 daga batirin bolt 12. Sun fi filashi ƙarfi sau da yawa, suna cika tarin kafasita cikin daƙiƙoƙi, kuma su da kansu suna iya ci gaba da tura wuta cikin jiki. Sauƙinsu bai sa sun fi aminci ba. Waɗanda aka gina da guntun sarrafawa na musamman, irin LT3750, su ne ke tsayawa da kansu idan an kai bolt ɗin da aka saita.

Ra'ayoyi uku

Malaman kimiyya da masu sha'awa suna ganin da wuya a samu wani fanel mai arha da ya tara darussa da yawa haka: taransifoma, dayod, tara makamashi, da yadda iska ke zama hanyar wuta. Ɗalibin da ya ga mita tana hawa daga sifili zuwa 300 ba zai manta darasin kafasita ba. Suna kuma cewa hani ba ya hana yaro mai waya a hannu, sai dai ya koma yi a ɓoye. Ƙarfin hujjarsu a nan yake. Rauninta shi ne mafi yawan waɗannan darussa ana iya koyar da su ba tare da jul 5 ba. Akwai wani ɗan haɗi mai taransista ɗaya da naɗin waya wanda ke kunna ƙwan LED daga batirin da ake ganin ya mutu. Tsarinsa ɗaya ne da na cajar filashi, kuma ba ya wuce 'yan bolt.

Iyaye da ma'aikatan lafiya sun fi karkata ga a raba yara da shi baki ɗaya. Hujjarsu ita ce abin ba ya ba da alama. Wuƙa ana ganin kaifinta, garwashi ana jin zafinsa, kafasita cikakke da wanda babu komai a ciki kuwa kamanninsu ɗaya. Kuma gidajenmu ba ɗakunan gwaji ba ne, ƙanne suna shiga suna ɗaukar abin da yayansu ya bari. Raunin wannan matsayi shi ne kafasita mai irin wannan bolt ɗin ya riga ya cika gida.

Wannan ne ma tushen ra'ayi na uku, na masu gyara. Wutar bolt 230 idan aka miƙar da ita a cikin cajar kwamfuta, talabijin ko dikoda, tana taruwa a kafasita a kusan bolt 325, daidai da na filashi. Duk mai gyaran da ya daɗe a kan benci ya san wannan, da yawa sun sha bugunsa, shi ya sa za ka ji maigida yana ce wa yaronsa, "Kai dai ka taɓa shi da sukudireba kafin ka sa hannu." Gogewarsu gaskiya ce, kuma ɗabi'ar sauke wuta kafin aiki ita ce daidai. Inda lissafi ya saɓa musu shi ne wuri biyu. Gajerta ƙafafu da ƙarfe yana narka ɗigon ƙarfe ya watsa shi, yana kuma raunana kafasitan. Sannan abin da ya yiwu da cajar waya ba zai yiwu da babbar inbatar sola ba, wadda kafasitocinta suka fi na filashi faɗi sau da yawa, ko tandun maikurowef da ke aiki da bolt sama da 2,000.

Hanyar da injiniyoyi suka yarda da ita ba tsada gare ta ba. Rizisto, wato ɗan kayan da ke rage gudun wuta, mai om 10,000 da wat 5, a haɗe da wayoyi masu rufi, yana sauke kafasitan filashi cikin daƙiƙa goma ba tare da tartsatsi ba. Bayan haka a auna da mita, kar a yi zato. Wanda zai ajiye fanel yana aiki da shi yakan dasa rizisto na dindindin, kusan om miliyan ɗaya, a kan ƙafafun kafasita, wanda cikin minti goma zai sauke bolt 300 zuwa kusan 2; ana yin sa da rizisto biyu a jere saboda ƙanana suna da iyakar bolt ɗin da suke jurewa. Akwai kuma wata ɗabi'a ta kafasita da ke yaudarar mutane: bayan an sauke shi, in aka bar shi, wani ɓangare na wutar yakan dawo da kansa. Don haka manyan ake ajiye su da waya ɗaure a ƙafafunsu.

Yanayin Kano yana shiga lissafin

Bidiyon da aka ɗauka a ɗaki mai sanyi, mai aikin sanye da takalmi a kan katako, ba ya nuna halin da ake ciki a nan. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, tafin hannu ba ya bushewa. Busasshiyar fatar hunturu tana da turjiya mai yawa, mai gumi kuwa tata ta faɗi. Wanda ya yi alwala ya dawo benci da damshi a hannu, ko ya zauna ba takalmi a kan siminti, jikinsa ya fi buɗe wa wuta hanya. Zoben azurfa da agogon ƙarfe su ma suna gajerta ƙafafun kafasita, su ƙona yatsa a zagaye. Tsohuwar ƙa'idar masu aikin babban bolt, hannu ɗaya yana aiki ɗaya yana aljihu, an yi ta ne don kar wuta ta samu hanyar ƙirji.

Zafi yana kuma cin kafasitan kansa. Ƙa'idar da masana'antu ke amfani da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage rayuwar irin wannan kafasita da rabi. Wanda ya yi shekaru a cikin tarkace, ƙarƙashin rufin kwano, ruwansa ya soma bushewa, rufin cikinsa ya yi rauni. Lambar da ke jikinsa ta sabo ce, ba tasa ta yau ba.

Doka da alhaki

Mallakar kafasita ko tsohon filashi ba laifi ba ne, kayan gyara ne da ake sayarwa a fili. Alhaki yana farawa ne idan aka juya shi kan mutum. Ji wa wani ciwo laifi ne a Dokar Final Kod da kuma dokar laifuka ta Shari'a ta Jihar Kano ta shekarar 2000, kuma cewa wasa ake yi ba ya goge raunin. Damuwar ƙwacen waya ta sa wasu matasa tunanin mayar da filashi abin kare kai. Ta fuskar aiki ma bai dace ba: bugu ɗaya yake yi, sai ya sake daƙiƙoƙi yana cika, kuma wanda ya fi kusa da wayoyinsa tsirara shi ne mai riƙe da shi. Ga kuma abin da zai biyo baya idan jami'an tsaro suka samu ƙirar gida mai wayoyi da batir a aljihun saurayi.

Ta ɓangaren shara, hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki a 2011, aka sabunta su a 2022, inda aka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigowa da kaya alhakin tattara su idan sun mutu. A aikace, hannun da waɗannan kaya ke fara faɗawa shi ne na 'yan jari-bola da 'yan gwangwan, ciki har da yara, masu fasa su da guduma don neman jan ƙarfe.

Abin da ya shafi gida da shago da makaranta

Ga uba ko uwa, tambayar da ke da amfani ba "bolt nawa ne?" ba ce. A duba gwangwanin: nawa ne, kuma me aka rubuta a jikinsu. Guda ɗaya ƙarami a hannun yaron da ke da mita, da babba a kusa, wani abu ne. Jerin gwangwanaye da aka haɗa da waya a ƙarƙashin gado wani abu ne daban, ko da batir ɗaya ne ke cika su.

Ga makarantu, daga ƙungiyoyin ɗaliban kimiyya da ƙere-ƙere na JETS a sakandare har zuwa ɗakunan gwaji na Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano da Jami'ar Bayero, tsarin da ya dace da lissafin da ke sama shi ne a fara da ƙaramin bolt, a koyar da saukewa da aunawa kafin a koyar da cikawa, a rufe fanel cikin akwatin roba, a sa tabarau. Ga shagon gyara, rizisto ɗaya mai wayoyi biyu da ke rataye kusa da ƙarfen dalma zai maye gurbin sukudireba.

Idan wuta ta bugi mutum, a fara tabbatar da cewa ba ya haɗe da wutar soket kafin a taɓa shi. Ƙunar yatsa a zuba mata ruwa mai gudana na kusan minti 20, kar a shafa man goge baki ko manja. Wanda wutar ta ratsa ƙirjinsa, ko ya suma, ko yake jin bugun zuciyarsa ya canza, ko ƙirji yana masa ciwo, a kai shi sashen gaggawa, na Asibitin Murtala ko na Asibitin Malam Aminu Kano ko wanda ya fi kusa, a yi masa gwajin bugun zuciya ko da ya ce ya warware. Wanda ya faɗi ba ya amsawa kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya kira 112 ko ya nemo mota.